Gudun Duniya a Ƙasar da Babu Daji: Tarihin Zuhudu da Halwa a Karkarar Arewacin Kano

Wanda ya fita daga birnin Kano ya yi arewa, ko ya bi hanyar Katsina ta Dawanau da Bichi, ko hanyar Daura ta Ɗambatta, ko kuwa ya ratsa ta Ungogo da Minjibir, da wuya ya taka ƙasar da ba ta da mai ita. Gona tana bin gona, gida yana hangen gida, ɗorawa da gawo da kuka da tsamiya kowace da wanda ya gaje ta. Wannan ita ce ƙasar da Mortimore da Wilson suka auna, suka buga bayaninta a Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1965, suka nuna tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma. Ba a barin gona ta huta a nan. Taki ne ke riƙe da ita, har da wanda jakuna su kan ɗauko daga birni da rani.

To, a littattafan Sufaye na ƙasashen Gabas mai gudun duniya ya kan nufi kogo, ko dutse, ko hamada. Manomin Dawakin Tofa ko Kunci ba shi da ko ɗaya. Duk da haka zuhudu ya zauna a ƙasar nan shekaru aru-aru, ya sami sunaye da ƙa'idodi da mutanensa. Abin da wannan takarda ta ke bi shi ne yadda aka yi haka, da irin kamar da zuhudu ya ɗauka sa'ad da ya shiga hannun masu fartanya.

Kalmomin

Harshe shi ne shaida na farko. Kalmomin da malamai ke amfani da su a wannan fage kusan duk daga Larabci su ke, amma sun daɗe har Hausa ta sassaƙe su. Hausa ba ta son baƙaƙe biyu su haɗu a ƙarshen kalma, saboda haka ta tsarma wasali: aka sami zuhudu da wuridi da zikiri. Harafin Larabci da a ke furtawa daga maƙogwaro ya koma h a cikin halwa, kamar yadda ya koma a cikin hatimi da haraji. Kalmar da aka ara jiya ba ta kan sha irin wannan gyara ba.

Gefen waɗannan akwai na gida: gudun duniya, da tsantseni, da wadar zuci. Waɗannan su ne tsohuwa ta ke faɗa wa jikanta ba tare da ta buɗe littafi ba. Akwai kuma rukuni na uku da ya zo daga gabas, watau daga Barno, wanda tsangaya ke cikinsa. Rukunan nan uku suna nuna hanyoyi uku da abin ya bi: littafi, da tarbiyyar gida, da yawon neman Alkur'ani.

Daga Dala zuwa zuwan Magili

Keɓewa domin ibada ta girmi Musulunci a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Barbushe, wanda ya ke zaune a kan dutsen Dala, ba ya saukowa sai ran bikin Tsumburbura, in ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai auku cikin shekara. Ba a cewa halwar Sufaye daga nan ta fito, gama asalinta dabam ne. Abin lura shi ne, mutanen ƙasar sun riga sun saba da cewa wanda ya janye daga idon jama'a ya kan komo da wani abu da sauran ba su da shi.

Littafin nan ya sa zuwan Wangarawa, ƙarƙashin Abdurrahman Zaiti, a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), ko da ya ke labarin da Wangarawa suka rubuta da kansu ya kai shi zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). A zamanin Rumfa ɗin ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimi Magili ya sauka Kano, wajen 1492, kuma gare shi 'yan Ƙadiriyya su ke danganta shigowar ɗariƙar Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza cikin 1166. Shekaru da yawa bayan wannan ɗariƙa ta zama abin manyan malamai kaɗai. Mutum ya kan karɓi wuridi bayan ya ƙoshi da fiƙihu, ya riƙa yi shi kaɗai a ɗakinsa. Abin da ya isa ƙauye shi ne littattafan wa'azi, musamman waƙar Larabci da almajiran ilmi ke kira Zuhudu, wadda a ke dangantawa ga Ali ɗan Husaini, da waƙoƙin Hausa da suka bi sawunta suna siffanta duniya da tsohuwar da ta yi ado ta ruɗi samari.

Jihadi da jarrabar mulki

Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754–1817) 'yan Ƙadiriyya ne, kuma an gaji labari cewa Shehu da tufkar igiya ya ke neman abin da zai ci. Amma wanda ya kira mutane su guji duniya, sa'an nan Allah ya ba shi nasara, duniyar ce za ta zo ta durƙusa a ƙofarsa. Tarihin Kano ya riƙe misalai uku na wannan jarrabawa.

Na farko Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Cikin 1807 ya ga waɗansu daga cikin mayaƙa sun karkata ga dawaki da bayi da sarauta, sai ya bar rundunar ya yi gabas da niyyar Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkami a kan sharuɗɗan mulki, daga baya ya koma. Watau wanda ya fito gudun mulki ya ƙare da rubuta wa masu mulki ƙa'ida.

Na biyu Sarki Sulaimanu (1807–1819), malami matalauci, wanda aka ce da fari manyan jama'ar jihadi sun hana shi shiga Gidan Rumfa don tsoron kada gidan ya sauya su. Na uku Ibrahim Dabo (1819–1846). Da ya hau, ƙasa ta yi masa tawaye, mafi tsanani kuwa daga arewa, inda Ɗantunku ya ɗaga kai har abin ya kai ga kafuwar Kazaure. Littafin tarihin ya ce kafin Dabo ya ɗaura yaƙi sai da ya shiga halwa kwana 40. A nan halwa ta zama shirin fita fagen fama, kuma wannan ma'ana ta biyu ba ta rabu da ita ba har yau.

Ɗariƙu biyu

Tijjaniyya ƙarama ce a shekaru. Shehu Ahmadu Tijjani ya rasu a Fas cikin 1815, Alhaji Umaru Futi kuma ya zauna Sakkwato cikin shekarun 1830 ya bar almajirai. A Kano ba ta sami gindin zama a fada ba sai zamanin Sarki Abbas (1903–1919). Malaman da a ke kira Salgawa, almajiran Malam Muhammadu Salga, su suka ɗauke ta cikin birni. Cikin 1937 Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953) ya sadu da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a wurin aikin hajji, daga nan Kano ta zama babbar cibiyar Faila. Abdullahi Bayero da ɗansa Muhammadu Sanusi (1953–1963) duka sun riƙe sarautar Ciroma, sun yi hakimcin Bichi kafin su hau gado, saboda haka arewacin ƙasar ya san ɗariƙar a gidan hakimi tun da wuri.

Abin da Tijjaniyya ta ɗora wa muridi ƙayyadadde ne. Lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Wazifa sau ɗaya a yini, an fi so cikin jam'i, a kewaye farin ƙyalle: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Sa'an nan zikirin Juma'a bayan la'asar. An hana shan taba, an hana haɗa wuridinta da na wata ɗariƙa. Ba ta ce kowa ya bar gonarsa ko fataucinsa ba, gama ta fi ƙarfafa godiya a kan ni'ima bisa ga ƙauracewa ni'imar. Tarbiyyar da Shehu Ibrahim ya kawo kuma ta buɗe wa talaka ƙofar da dā sai malamin da ya tsufa cikin littattafai. Wannan shi ya sa ta yaɗu cikin karkara bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta bi hanyoyin da motocin gyaɗa da 'yan koli ke bi. Manomi na iya gama lazimi kafin ya saɓi fartanya.

Ƙadiriyya ta amsa ta hannun Shehu Nasiru Kabara, wanda ya je Bagadaza cikin 1953 ya komo da izni daga zuriyar Shehu Abdulƙadir, ya haɗa rassan ɗariƙar da ke warwatse. Shi ya fito da zikirin bandiri da na amfasu fili, ya kuma kafa maukibin shekara-shekara cikin watan Rabi'us Sani, wanda ƙauyuka ke turo ayari. Ya rasu cikin 1996, ɗansa Shehu Ƙaribullahi ya gaje shi. Ta haka ɗariƙu biyun suka tashi daga ɗakin malami suka koma zawiya da masallacin ƙauye. Ibadar da dā a ke ɓoyewa ta zama ta jam'i, da murya a sama.

Yadda a ke halwa

Halwa dai ba ta mutu ba. Hujjar masu yinta ita ce keɓewar Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a kogon Hira, da darare 40 na Annabi Musa. A kan yi ta kwana 3, ko 7, ko 40. Mai shiga ya kan nemi iznin shehinsa, ya sami ɗaki mai duhu a ƙuryar gida ko gefen masallaci, ya shimfiɗa buzu, ya ɗauki carbi. Ya kan yini da azumi, ya buɗe baki da ɗan kunu ko dabino, waɗansu kuma su kan ƙaurace wa nama da duk abin da ya fito daga mai rai. Ba ya magana da kowa, yaro ɗaya ne ke ajiye masa ruwa a bakin ƙofa. Yana maimaita sunan Allah da aka ba shi adadin da aka yanka masa. Malamai suna gargaɗi ƙwarai cewa wanda ya shiga ba da jagora ba yana iya fitowa da taɓin hankali, domin yunwa da rashin barci da kaɗaici ba abin wasa ba ne.

A nan ne amsar tambayar farko ta fara bayyana. Da aka rasa daji, sai aka mai da ɗaki daji. Katangar ƙasa da asabari suka tsaya a matsayin kogo, matar gida tana daka a tsakar gida, mai halwa yana jin ƙarar taɓarya.

Sai dai halwa iri biyu ce, kuma malamai sun san haka. Akwai wadda a ke yi don neman kusanci ga Allah, akwai wadda a ke yi don biyan bukatar wani: attajiri mai son kasuwa, ko mai neman sarauta, ko a zamanin baya-bayan nan mai neman ƙuri'a. Ta biyun ta kan zo da sadaka mai kauri. Masu tsantseni suna ganin wanda ya shiga ɗaki kwana 40 don ya fito a ba shi doki ko mota bai guji duniya ba, zagaye ya yi ya tare ta ta bayan gida.

Tsangaya da kiskadi

Zuhudun da ya fi shafar yawan mutanen karkara ba na ɗariƙa ba ne, na neman Alkur'ani ne. Lugga ya ƙiyasta makarantun allo na Arewa sun kai wajen 25,000, da almajirai wajen 250,000, a farkon mulkin Turawa. Tsangaya tana da matakanta: kolo, sa'an nan titibiri, sa'an nan gardi, sa'an nan alaramma wanda ya haddace izu 60 ya rubuta da ka, sa'an nan gwani. Gardin da ya yi niyyar hadda ya kan fita bayan gari ya kafa 'yar bukka ta kara, abin da a ke kira kiskadi, ya zauna da allonsa daga asuba har dare. Da ya ke bayan garin arewacin Kano gonar wani ce, sai bayan girbi a ke samun fili. Wanda ya ke son nisa sosai ya kan yi gabas, ta Gumel da Haɗeja zuwa Barno.

Shekarar manomi ita ta tsara wannan rayuwa. Da an kai amfani rumbu, malam ya kan kwashi almajiransa su tafi ci-rani. Karan dawa ya zama bukka da wutar karatun dare. Da hadari ya fara haɗuwa kuma kowa ya komo, almajirai su noma gonar malam. Lalle akwai ibada cikin wannan, akwai kuma lissafi: gidan da gonarsa ƙarama ce, in ya rage baki biyu ko uku wata biyar, hatsinsa ya kai shi damina. Waɗanda suka ga yunwar 1913 zuwa 1914, ko farin 1973, ba su bukatar a yi musu bayanin wannan. Yaro ƙarami ya kan ci da bara. Gardi kuwa ya kan ji kunyarta, sai ya kama ɗinkin hula, ko tufka, ko yankan farce, ko wanki.

Abu ɗaya ya raba wannan da zaman ruhubanawa: yana da ranar ƙarewa. Gardi ya kan jure yunwa da tsumma da rashin aure shekaru, amma nufinsa ya komo garinsu a yi masa aure, ya buɗe tasa makarantar a zaure. Al'ummar da ke da Nalako, mai kamun gwauro cikin watan azumi a Kano, ba ta da wurin ajiye wanda ya ƙi aure har abada.

Abin da ya auku a Panjab

Kwatanci da wata ƙasa zai ƙara fito da wannan. Guru Nanak (1469–1539), wanda ya kafa addinin Sikh a Panjab ta ƙasar Hindu, ya yi zamani da Muhammadu Rumfa. Ya koyar cewa mutum ya yi aure, ya ci guminsa, ya ambaci Ubangiji yana cikin jama'a. Da zai rasu ya tsallake 'ya'yansa ya naɗa almajirinsa Angad. Duk da haka babban ɗansa, Siri Cand, shi ya kafa ƙungiyar Udasi, waɗanda ba su aure, suna shafa toka, suna barin gashi ya cukurkuɗe, suna zama gaban wutar da ba a bari ta mutu. Bayansu aka sami Nirmala, masu tufafi ruwan ƙasa, waɗanda labarinsu ya ce Guru Gobind Singh ne ya aiki mutum biyar Banaras su koyo Sanskirit. Akwai kuma Sewapanti, masu hidimar jama'a, waɗanda suka ƙi cin sadaka suka zaɓi tufkar igiya, sana'ar da aka ce Shehu Usmanu ya yi.

Udasi sun riƙe manyan wuraren ibadar Sikh a lokacin da a ke farautar sauran mabiya cikin ƙarni na 18. Sarakuna suka ba su gonaki, riƙon ya zama gado, dukiya ta taru a hannun waɗanda suka ce sun bar duniya. Masu neman gyara suka tashi, aka zub da jini a Nankana cikin 1921, dokar 1925 ta karɓe wuraren daga hannunsu.

Addinan biyu ba ɗaya ba ne a aƙida, kuma ba wanda ya ɗauka daga wani. Amma dukansu sun ƙi ruhubananci a ƙa'ida, dukansu kuma sun haifi masu zuhudu. Bambancin shi ne, a Panjab zuhudu ya zama ƙungiya mai tufafinta da gidajenta da filayenta. A karkarar Kano ya zama mataki cikin rayuwar mutum, ko wani yanki na shekararsa. Babu wani gidan masu zuhudu da ya mallaki ƙasa a nan, gama ƙasar ba ta da rarar da za a ba shi, kuma gonar malam rabon gado ta ke shiga kamar ta kowa.

Sauyin zamani

Suka ta zo nan ma. Shehu Abubakar Gumi ya buga littafinsa na sukar ɗariƙu cikin 1972, aka kafa ƙungiyar Izala a Jos cikin 1978, ƙauyuka da yawa suka wayi gari da masallatai biyu. Tarzomar Maitatsine ta Disamba 1980, wadda hukuma ta ce ta ci rai 4,177 a Kano, ta shafa wa sunan gardi baƙin fenti, alhali kuwa mafi yawan gardawa ba su da hannu ciki. Makarantar boko ta kowa da kowa da aka soma cikin 1976, da ƙarancin gona, da tsadar hatsi, suka karya tsohon tsarin nan na rani da damina. Almajiri ya daina komowa gida da saukar ruwa, ya zauna birni shekara duka. Cikin 2020 gwamnatin Jihar Kano ta hana bara a titi, ta kuma mai da almajirai da yawa jihohinsu, cikin 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma ta musamman domin sha'aninsu.

Wajibi ne mai nazari ya rarrabe abu biyu da a kan cakuɗa. Zuhudu barin abin da mutum ke da ikon samu ne, bisa zaɓinsa. Gardi mai shekara 25 da ya shiga kiskadi ya zaɓa. Yaro mai shekara 7 da ke yawo da kwano a tashar mota bai zaɓi kome ba, kuma kiran yunwarsa zuhudu zalunci ne gare shi da kalmar baki ɗaya. Haka kuma wanda ya dubi yaron nan ya yanke cewa tsangaya ba ta taɓa zama kome ba sai bara, ya jahilci tsarin da ya ba ƙauyuka limamai da marubuta Alkur'ani ƙarni bayan ƙarni.

Tarihin da aka rubuta ya fi kula da shehunan birni, domin su suka bar littattafai. Na karkara yana cikin gafaka: takardun izni masu jerin sunayen waɗanda aka karɓi wuridi daga gare su, da bayanan da marubuta su kan sa a ƙarshen Alkur'anin hannu, da sunayen wurare irin su Tsangaya da Malamawa da Unguwar Malamai. Yana kuma bakin tsofaffin alarammomi da suka taka zuwa Barno da ƙafa, waɗanda ke raguwa kowace shekara. Malaman kwalejojin horon malamai sun fi kowa damar wannan aiki, gama ɗalibansu daga waɗannan ƙauyuka su ke, can kuma su ke komawa hutu. Ɗalibi ɗaya da littafin rubutu, in ya zauna gaban alaramman garinsu ya tambaye shi inda ya yi kiskadi, da wanda ya ba shi izni, da abin da ya ci a shekarun nan, zai komo da abin da babu shi a kowane ɗakin karatu.